Gaisuwar da Aka Ƙirga

A gidanmu na Kashin Zama, ni da yayana kwano ɗaya muke ci tun muna yara. Mahaifinmu ya rasu, muka yi aure, aiki ya kai ni Jega na kama haya a Sabon Gari, amma duk ranar da na zo gida, bayan sallar magariba tuwo ɗaya ake kawo mana zaure. Shi yake fara sa hannu, ni nake ɗauke kwanon idan mun gama. Gonar albasa ma ba mu raba ba. Shi yake noma, ni nake kawo taki da man injin ban-ruwa. Idan an cire albasar sai a zuba ta a rudu ɗaya, rumfar karan nan da ake ajiye ta a ciki ta sha iska har kasuwa ta yi kyau.

Shekarar da ya ce zai nemi kansilan mazaɓarmu, ban yi mamaki ba. Kwalbatin hanyar fadama ya karye damina uku da suka wuce, mota ba ta shiga, sai an yi ta jido da amalanke zuwa bakin titi. Wannan kwalbati shi ne duk manufarsa. Yayana ba mai iya magana ba ne. Idan ya je wurin suna ko ɗaurin aure, zai faɗi zancen kwalbatin a taƙaice, ya yi shiru, mutane su jira sauran jawabin, babu saura.

Wanda ya fito neman kujerar tare da shi a jam'iyya ɗaya wan matata ne, mai shagon magani a Aliero. Mahaifinsa, wato surukina, shi ne malamin da ya rubuta mana allo ni da yayana. Saboda haka nauyinsa biyu ne a kaina. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kuma idan na je gaishe shi tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, ba na tashi sai ya sallame ni. Haka kowa yake yi wa surukinsa a wurinmu.

Jam'iyya ta sanar cewa zaɓen fid da gwani ƙato-bayan-ƙato za a yi. Ɗan takara ya tsaya a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, a bi layi a ƙirga. A birni wannan layi ne kawai. A ƙauyen da kowa ya auri 'yar wani, kowa yana aron injin wani, tsayuwa a bayan mutum ɗaya juya wa ɗayan baya ne a gaban jama'a. Mutanenmu kuwa suna da dabararsu: wanda duk ya rasa layin da zai shiga, sai tafiya ta kama shi. Kwana biyu kafin ranar, matata tana ninke kaya, ba tare da ta dube ni ba, ta tuna mini cewa har yanzu ban je ta'aziyyar mahaifiyar abokin aikina a Maiyama ba. Rasuwar ta kai wata guda. Na gane abin da take nufi, kuma na yi niyyar bi.

Washegari yayana ya zo Jega sayen maganin feshi, ya biyo ta wurina. Bai zauna ba. Ya sha ruwa a tsaye, ya ce ya ji labarin rasuwar Maiyama, Allah ya jiƙan musulmi. Sannan ya ce:

"Mutum guda ba shi kai ni, ba shi hana ni. Ni dai a gan ka bayana. Kar a ce ɗan uwana ma tahiya ta kama shi."

Na ce masa in Allah ya yarda zan zo.

Ranar zaɓen da safe na sauka a bakin titi, na tarar da motoci biyu cike da mutanen garinmu, manyan riguna, huluna masu kyau. Direban ɗaya yana ɗaure kaya yana dariya, yana cewa bai taɓa ganin ranar da mutuwa ta yi yawa a Maiyama kamar yau ba, har wanda bai san kowa a can ba an yi masa rasuwa. Wani dattijo a gidan gaba ya ce masa ya ja mota ya bar surutu, ta'aziyya ba ta da ranar ƙarewa.

A filin makarantar firamare aka yi. Bazara ce, an gama cire albasa, rana tun hantsi ta yi zafi. Layi biyu ne, tsakaninsu taku goma sha. Na yayana ya miƙe ta wajen azuzuwa, na wan matata kuwa wutsiyarsa ta kai gindin darbejiya, inda aka shimfiɗa wa tsofaffi tabarma, aka ce za a ƙirga su a zaune cikin wannan layin. Hanyar shiga filin ta gefen bishiyar take. Ba yadda zan yi in wuce surukina yana zaune in yi kamar ban gan shi ba. Na cire takalmi, na durƙusa.

Malam ya amsa da fara'a, ya riƙe hannuna, abin da bai saba yi ba. Ya tambayi hanya. Ya tambayi aiki. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ƙaramin, ko tarin nan ya sake shi. Na ce da sauƙi. Ya ce akwai rubutun da zai aiko, a ba shi da safe kafin ya ci komai. Ya koma kan ruwan Jega, ko famfo yana kawowa. Kaina yana ƙasa, ina amsawa da lafiya lau, ina jiran kalmar sallama.

Ta gefen ido na ga mai ƙirga yana tahowa, wani baƙo da jam'iyya ta turo, yana taɓa kafaɗar mutane da biro yana faɗin lamba. Ya gama da na tsaye, ya shigo inuwa. Ya taɓa tsoho na farko, na biyu, ya taɓa Malam, ya taɓa ni. Bai san ni ba. Mutum ya gani a kan tabarma.

Nan take Malam ya sake mini hannu ya ce, "To, madalla. Allah shi yi albarka. A tashi."

Na daɗe ina auna wannan lokaci, kuma ba zan ƙara masa komai ba. Ban sani ba ko Malam da gangan ya yi; tsofaffi suna jan gaisuwa ko ba zaɓe. Abin da na sani shi ne na ga biron tun yana nesa, kuma ƙafafuna lafiyarsu ƙalau. Da na miƙe na ce a gafarce ni, da an yi kwana biyu ana cewa ba ni da kunya, a wuce wurin. Ban miƙe ba. Da na ɗago, yayana yana tsaye a gaban layinsa cikin rana, fuskarsa tana wajen bishiyar.

Na je na tsaya a bayan layinsa duk da haka. An riga an ƙirga su. Wani abokin wasanmu ya juyo ya tambaye ni ko inuwar can ta ƙare ne.

Wan matata ya fi yawan mutane, da tazarar da ta wuce mutum ɗaya nesa. Ba ni na kayar da yayana ba. Bayan mako biyu kuma aka ji cewa manya sun zauna sun yi maslaha, an ba da takarar ga wani na uku, ɗan mazaɓar da ya daɗe da komawa birni, wanda ko filin bai zo ba ranar. Shi ya zama kansila. Waɗanda suka tafi Maiyama su ne kaɗai ba su yi asarar kowa ba. Kwalbatin yana nan yadda yake.

Na yi ƙoƙarin yi wa yayana bayani sau ɗaya, a bakin rudu, yana juya albasa yana fitar da ruɓaɓɓu. Ya saurare ni har ƙarshe, bai daina aikinsa ba. Ya ce ai gaisuwa wajibi ce, suruki uba ne, bai ga laifina ba. Da ya zage ni, da na san inda zan kama.

Da kaka ta zo ya aiko ƙanen mahaifinmu ya gaya mini cewa yara sun girma, gara a raba gonar tun muna da rai, kowa ya san iyakarsa. An raba da adalci, har ya bar mini ɓangaren da ya fi kusa da rijiya. Ya kafa mini rudu nawa daban, da hannunsa.

Har yanzu ina zuwa gida. Yana tarbata a ƙofar zaure, ya tambayi hanya, ya tambayi yara, ya sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Bayan magariba sai a kawo mini shinkafa da kaza a kwano mai murfi, da ruwan sanyi a jug, irin abincin da muke fitar wa baƙon da ya zo daga nesa. Shi kuma a ajiye masa tuwon dawarsa da miyar kuka can gefe, a tsohon kwanon nan namu. Zuwan da na yi na ƙarshe na matsa na miƙa hannu wajen tuwon. Bai janye kwanon ba. Ya dai tura mini nawa gabana a hankali, ya ce:

"Ci naka, kar shi huce. Don kai anka yanka ta."