Tsinken Turaren Shizue-san

Kafin jiragen masunta su dawo, Shizue-san ta riga ta buɗe asibitin dabbobin garinmu. Sai ta wanke kejin kyanwoyi da sabulu, ta jiƙa su da ruwan kulorin, sannan ta fita tsakar gida ta kunna guntun tsinken turare a gaban dutsen tunawa mai ɗauke da sunayen dabbobin da suka mutu. Hayaƙin yakan bi hazon teku a hankali, kamar bai san inda za shi ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma jibi za ta ajiye bokiti ta yi ritaya.

Ni na ɗauka addu'a take yi. Na gane kuskurena a bazarar da cutar gudawa ta riƙa kwashe 'yan kyanwoyi, ga Mikan, kyanwar da marigayiya matata ta bar mini, kwance a asibitin da karyayyar ƙafa. Wallahi tsoro ya hana ni cin abinci.

Ina zaune sabon likita, Hoshikawa, ya shigo da jarkoki biyu na ruwan kashe cuta masu ƙamshi.

"Shizue-san, warin kulorin ɗin nan naki yana korar mutane. Gwada waɗannan mana."

Ta karanta jikinsu, ta taɓe baki. "Likita, hancin mutane ne ba shi da lafiya? Wannan mai ƙamshin fure ba ya kashe cutar nan. Wancan kuma kyanwa ta taka ta lashe ƙafa, sai dai mu ƙara suna a dutse."

"To goge ruwan da wuri, marasa lafiya na jira."

"Su jira. Turarena bai cinye ba."

Ashe turaren agogonta ne. Sai tsinken ya zama toka kulorin yake gama aiki, sannan ta ɗauraye, ta busar. Gaggawa dai aikin shaiɗan.

Ke ce garkuwar da ba a gani, Shizue-san. Hannuwanki sun tsattsage, ba wanda ya taɓa kawo miki furen godiya, likita ake kai wa. Bayan kwana tara kika miƙo mini Mikan, cutar ba ta taɓa ta ba, kika ce, "Ɗauki abarka, ta ishe mu da kuka."

Na gode, na gode. Masu zuwa bayanta, ku koyi jiran tokar nan. Jiya na hango Hoshikawa tsugune gaban dutsen da ashana a hannu, Mikan kuwa tana barci a kan matashin matata.