Gorunan Inna

Shekarar da gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai, ita ce shekarar da na fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Ƙauyenmu yana tsakanin Kunci da Ɗambatta. Gona na jikin gona, kowa ya san iyakar maƙwabcinsa da itacen da ke kanta. Damina ta leƙo mu ta koma. Wadda ta gabace ta ma ba ta bar abin kirki ba. Kafin kaka rumbunmu ya zama ɗakin ɓeraye, daga baya su ma suka tashi.

Wan maigidana ya riga ya yi gabas, tafkin Chadi. Ya aiko ta bakin wani mai fataucin busasshen kifi cewa a tsakiyar ruwan akwai tsibiri, in ruwa ya ja baya ana shuka masara da wake a danshin da ya bari, ba a jiran sama. Ya ce ƙaninsa ya taho da iyali. Amma a sani, mota tana ƙarewa a bakin ruwa, daga nan sai jirgi.

Jirgi. Mu da babban ruwan da muka sani shi ne kududdufin bayan gari, wanda mace ke tsallakewa da zani a gwiwa.

Ɗa ɗaya gare ni a lokacin, ɗan fari. Yana gudu, yana surutu, amma bai kai kora awaki ba. Tun yaye yake ɗakin Inna, uwar maigidana. Haka ake yi a wajenmu. Uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba na faɗin sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane. In ya faɗi ya goge gwiwa, sai in juya baya in ci gaba da daka har wata ta zo ta ɗaga shi. In baƙuwa ta tambayi ɗan wa ne, sai in sunkuyar da kai a amsa mata. Uwata haka ta yi da yayata. Ban ga laifin abin ba a lokacin, har yau ma ban gani ba. Shi kuwa yaron, Yaya yake ce min.

Inna kuwa mijinta take kiransa, irin wasan kaka da jika. "Miji har miji," in ji ta, "ko ƙwayar gero bai taɓa kawo min ba, sai ci da fitsarin kwance."

Da maigida ya durƙusa ya gaya mata tafiyar, ta ce Allah ya tsare hanya. Sai ta ƙara da cewa, "Ku je ku biyu. Mijina ba ya hawa ruwa. Ku da kuka gaji da duniya ku je kifi ya yi kalaci da ku."

Ya ce to. Shi ma kunyar yaron yake ji kamar ni, ga shi kuma uwa ce ta yi magana.

Ni ce mai rabon abinci a gidan, don haka ni na ga abin da ake ciki. Ganyen tafasa da yaɗiya muke dafawa, a barbaɗa ɗan gari, wata rana dusa. In na miƙa wa Inna nata, sai ta ci loma biyu ta tura gaban yaron, ta ce haƙoranta sun gaji. Ƙafafunta sun fara kumbura. In ta danna da yatsa, ramin ya zauna. Geron da za mu bar mata a tukunya zai riƙe mutum ɗaya in yana tsakura, ba zai riƙe biyu ba. Na san wanda zai ci, na san wadda za ta kwanta, na kuma san abin da zai sami yaron bayan ta kwanta. Amma ba ni da bakin da zan ce a ba ni ɗana.

Na shimfiɗa zani a tsakar gida na fara haɗa kaya. Matan maƙwabta suka cika gidan, kowacce da iliminta na jirgi, alhali babu wadda ta taɓa ganinsa.

"Kada ki sa jan zani," in ji ɗaya. "Mutanen ruwa ba sa son ja."

"Wa ya gaya miki?"

"Ji na yi."

Wata tsohuwa da mijinta ya taɓa fatauci kudu ta ce a riƙe tsamiya a baki, in ba haka ba ciki zai juye. Wannan na ɗauka, don tsamiya ita kaɗai ce ba ta yi mana rowa ba a shekarar. Wata ta ce in tafi da dutsen niƙa, wa ya sani ko can babu duwatsu. Har na fara jawo shi, maigida ya leƙo daga zaure ya ce, "Dutse za ki runguma ki shiga ruwa da shi?" Aka yi dariya. An daɗe ba a yi dariya a gidan ba.

Na zuba garin kuka a tsumma na ƙulle, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da barkono. Tukunyar ƙasa na naɗe ta cikin tabarma, na cusa muciya da maburgi ta gefe. Maigida ya cire wa fartanyarsa ƙota don kada ta tsone wa wani ido a mota. Irin wakenmu ya zuba a aljihun wandonsa na ciki ya ɗinke bakin. Sai garwar ruwa. Wannan babu wanda ya yi gardama a kanta. A shekarar mutum ba ya fita ko kasuwa ba ruwa a hannu, balle wata ƙasa. Muka yi sammakon rijiya muka kwashi abin da ya taru a ƙasanta, muka tace, muka toshe bakin garwar da tsumma da kara.

Da mata suka watse, na ɗauko ɗan ƙoƙon da yaron ke shan kunu da shi, mai tsaga a baki wadda Inna ta ɗinke da zare. Na tura shi cikin tukunya na rufe. 

Washegari na same shi rataye a ƙofar ɗakin Inna, inda yake zama kullum. 

Na sake ɗauka, na haɗa da 'yar rigarsa, na sa a ƙarƙashin ƙullin kuka. Da la'asar rigar tana jikinsa, ƙoƙon yana ƙofar ɗaki. Inna tana zaune tana kaɗi, ko kallona ba ta yi ba. Sai ta ce wa yaron, "Mijina, akwai ɓera a gidan nan mai satar ƙoƙo. In na kama shi sai na karya masa ƙafa."

Yaron ya ce, "Inna, ɓeraye sun gudu."

"Ɗaya ya rage. Babba."

Haka muka yi ta yi har kwanakin suka ƙare. Ni in sa, ita ta cire. Iyakar maganar da muka yi ke nan a kan yaron, ni da ita. A rana ta ƙarshe ban ɓoye ƙoƙon ba. Na ɗora shi a saman kaya, a fili. Da na kai mata abinci kuma ban tashi ba kamar yadda na saba. Na zauna ina kallon ƙafafunta. Ta ja zani ta rufe su. Na ci gaba da kallon zanin.

"Tashi ki ba ni wuri," ta ce. "Idonki kamar na mujiya."

Da safen tafiya mun fito da kaya ƙofar gida, sai ga Inna ta fito daga ɗakinta da goruna biyu, irin masu dogon wuya da take zuba fura in za a gona. Ta toshe bakinsu da itace ta liƙe da ƙaro. Ta ɗaure wuyansu da igiyar rama da ta tufka da kanta. Ashe aikin da take yi ke nan a ɗaka, ni ina tsammanin fushi take.

Ta ce, "Da ina yarinya na ga masu su a kogi. A kan gora suke kwanciya, ba sa nutsewa."

Babu inda za a gwada, kududdufi ya tsage tun tuni. Sai ta buɗe randa, ta danna gora ɗaya cikin ɗan ruwan da ke ciki, ta saki. Ya taso. Ta danna ɗayan, shi ma ya taso. Ta jawo yaron ta ɗaura masa ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya, ta zagaya igiyar ta ƙarƙashin hammatarsa ta ƙulle tamau. Ya tsaya hannuwa a buɗe, ya kasa sauke su. Yaran unguwa suka yi ta tsalle suna ce masa kunkuru.

Ta miƙo min wani ƙulli ba tare da ta dube ni ba. "Ƙasar gindin randa ce, da jar kanwa. Ki riƙa jefa kaɗan a ruwan da zai sha, kada baƙon ruwa ya ɓata masa ciki. Gorunan nan kuma ba a cire su sai ƙafarsa ta taka ƙasa. Yaron nan kuwa ba ba ki shi na yi ba. Aro ne. Ki dawo min da mijina da goruna, duka uku."

Ga yaron kuma ta ce, "Tafi, na sake ka. Dama ba ka ciyar da ni." Ta shige ɗaki ta saki asabari. Ba ta raka mu ko zaure ba.

Daga Ɗambatta muka hau motar kaya zuwa Kano, daga can wata, daga can wata. Yaron a cinyar wata mata ya yi yawancin hanyar, don ni ban iya ɗaukarsa a gaban ubansa ba. Da gorunansa yake barci, a zaune, don ya ƙi yarda a taɓa su tun kafin a ga ruwa. Garwar kuwa maigida ya riƙe ta tsakanin ƙafafunsa, muna kurɓa kamar magani, mu bar sauran saboda jirgi.

Da muka sauka a bakin tafkin na tsaya na kasa tafiya. Ruwa har inda sama ta sauka. Na tuna yadda muke kwana biyu muna jiran rijiya ta tara abin guga ɗaya, sai na ji haushi ya kama ni, ban san na wa ba.

Jirgin dogo ne, na katako, da inji a gindinsa. Mai jirgin wani baƙin mutum ne mai tsage a fuska, Hausarsa a karkace. Ya ga maigida yana kokawar ɗora garwa, ya ce, "Malam, mene ne a ciki? Kananzir?"

"Ruwa ne."

"Ruwa?" Ya juya ya gaya wa mutanen jirgi da yarensu, aka kwashe da dariya. "Daga Kano ka kawo wa tafki ruwa? Ya gode. Zubar, nauyi ne." Ya sunkuya ya ɗebi na tafkin da tafin hannu ya sha a gabanmu.

Maigida bai zubar ba. Ya ba ni na sha, ya ba yaron, shi kansa ya sha har cikinsa ya cika, sauran ya bi mutanen bakin ruwa yana roƙonsu su sha. Hannunsa ya ƙi zuba ruwan rijiyarmu a ƙasa.

Aka shiga. Maza gaba, mata baya, kaya a tsakiya. Yaron aka ɗora shi kan buhu a tsakiyar, ni ina nesa da shi da tsamiya a baki. Da farko lafiya, muna ratsa ciyawa doguwa. Da muka fita sarari iska ta taso, ruwa ya fara dukan jirgin yana fantsamo mana. Yaron ya miƙe tsaye kan buhun yana kuka yana kiran Inna, gorunan suna rinjayarsa hagu da dama.

Mai jirgi ya daka tsawa. "Kai! Ɗan wa ne wannan mai goruna? Ba shi da uwa? Gora ba ya riƙe yaro a nan, hannu ke riƙewa! Ɗan wa ne?"

Na jira wata ta amsa, kamar yadda aka saba. Babu wadda ta san mu. Na dubi maigida, ya dubi ruwa.

Na tofar da tsamiyar na ce, "Nawa ne."

Ban taɓa faɗa ba sai ranar. Na rarrafa kan kayan mutane na cafko shi, na zaunar da shi a cinyata na rungume shi da goran ƙirjinsa duka. Wuyan goran yana sukata a haƙarƙari, ban sassauta ba. Ya yi amai a zanina, ya yi barci. Ina jin bugun zuciyarsa ta cikin igiyar rama. Har muka isa tsibirin ban ɗaga kai na ga ko wani yana kallona ba.

Mun yi rani a can, mun ƙara da wani. Masara ta yi, wake ya yi. Sauro ya ci mu, mu kuma muka ci kifi har yaron ya fara ture shi. A can babu mai ɗaga min shi in ya faɗi, ni nake ɗagawa. Ni nake masa wanka, a bayana yake barci. Ƙasar Inna na yi ta jefawa a ƙoƙonsa har ta ƙare, cikinsa bai taɓa ɓaci ba. Gorunan suna rataye a bukka, duk shiga jirgi sai an ɗaura masa, ko masu kamun kifi za su mutu da dariya.

Da labari ya zo cewa ruwa ya sauka a gida, muka ɗaure kaya. Daga inda mota ta ajiye mu muka taka da ƙafa, gero kore shar ta ko'ina, hannunsa cikin nawa. Da na hango rimin ƙofar garinmu na saki hannun. Ya dube ni. Na ce, "Yi gaba." Ya ruga, goruna suna karo a kafaɗarsa.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ta rame, amma ƙafafunta sun saɓe, geron da masarar da muke aika mata sun kai ta. Ta juya yaron gaba da baya, ta matsa kumatunsa. "Wace ce ta ciyar min da miji haka? Kai, warin kifi kake." Ta karɓi gorunan ta ƙwanƙwasa kowanne da yatsa ta ji ko ya tsage.

Sannan ta dube ni ta ce, "Ina ƙoƙon?"

Na kwance kaya na miƙa mata. Ta tashi ta rataye shi a ƙofar ɗaki, ni kuma na ɗauki taɓarya na nufi turmi.