Muryata ta riga ni fita gida

Jama'a, yau na ɗaure kaina da yatsana!

Ƙarfe huɗu da minti goma, bayan La'asar, muna ƙofar gida ni da ƙanena Sani da maƙwabcina Buba. Kwanana shida da fara WhatsApp.

Na farko, na danna na yi wa dillalina magana. Na ce gobe bayan Asuba za ni kai bijimai biyu Bafarawa. Har hanyar dajin da za mu bi na faɗa.

Na biyu, wayar Buba ta yi ƙara. Ya ciro ta daga aljihunsa ya danna, sai ga muryata! Ashe cikin wanga zauren WhatsApp na turo, inda ban san rabin mutanen ba.

Buba ya ce, "Malam Garba, saura ka gaya musu launin rigarka!"

Sani ya ce, "Yaya, goge maza!"

Na uku, rubutu biyu suka fito da Turanci. Na danna ɗaya, saƙo ya ɓace. Na yi hamdala. Buba ya taɓa tasa wayar. Muryata tana nan daram!

Sani ya dafe kai. "Wa kanka kaɗai ka goge. Yanzu sai shugaban zaure."

Shugaban kuwa, Malam Isiya, yana Gatawa, babu sabis.

Kun san hanyarmu tana da kunnuwa. Tafiya ta fasu, kuma an ji akwai bijimai gidana. Fita ba dama, zama ba kwanciyar hankali.

Don Allah kada kowa ya tura gaba. Wanda ke kusa da Malam Isiya ya ce masa ya hau tudu ya nemi sabis, ya cire min muryar nan kafin Magariba.