Mai Gadin Rumbunan Albasa

Ranar wata Laraba ce, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, a bakin fadamar Kwargaba. Mu uku ne: ni riƙe da na'urar ɗaukar magana, da abokin aikina a gidan rediyo, ɗan jarida mai rubuta littattafan binciken laifi, sai dattijon da ke gadin rumbunan albasar da suka ƙone kwana biyu kafin nan.

Dattijon ya shimfiɗa mana tabarmarsa, shi ya zauna a ƙasa. Babu yatsu biyu a hannunsa na hagu. Injin ban-ruwa ne ya cinye su.

"Baba, kana ina wutar ta tashi?" in ji abokina.

"Na tai sallar La'asar, ɗana. Ko da nid dawo, hayaƙi ya rufe ko'ina. Ban san mi yat tada ta ba."

Iyakar abin da aka sani ke nan har yau. Ba a kama kowa ba, haka kuma muka watsa.

Bayan shekara biyu abokin nawa ya fitar da sabon littafi, aka ba ni in riƙa karantawa a rediyo duk Asabar. Ƙa'idar aikinmu ita ce ba ka furta abin da ba ka karanta har ƙarshe ba. Na karya ta. Na san salonsa, sai na riƙa duba babin kowane mako kawai, wani makon ma ban duba ba. A babi na uku mai gadi ya bayyana, da yatsu takwas da sallar La'asar. Na gane shi, na ɗauka shaida ne.

Babin ƙarshe kai tsaye na karanta shi. Ina tsakiyar shafi na ga inda aka dosa: mai gadin ne ya sace albasa, ya cinna wuta don ɓoye sawu. Ban tsaya ba. Na kai aya da murya mai kyau, yadda aka horar da ni, mutanen Wurno da Rabah da Goronyo suna saurare.

Na sami abokin nawa a harabar gidan rediyon yana cin balangu.

"Kai, ina ka samo cewa shi ne?"

"Ƙage na, malam mai murya. Na sa sunanai?"

"Ka sa yatsunsa."

"To mi? Mai karatu shina son abin kamawa. Kuma wa za ya zargi tsoho mai salla? Nan daɗin yake." Ya miƙo mini takardar naman. Maiƙo ya jiƙe ta, yana bin yatsunsa. Ban karɓa ba. Da bakina dai maganar ta fita.

Na nemi a ba ni minti ɗaya in bayyana cewa labarin ƙirƙira ne. An ba ni, na faɗa sau biyu. Wanda ya ji makonni goma sha biyu na labari ba ya jin minti ɗaya.

Da aka kwashe albasar bana, babu manomin da ya ba dattijon gadi. Ya koma Rimawa wajen 'yarsa. An sake buga littafin.