Ummusalama, Ban Shuka Ba Tukuna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, takwas ga Yulin 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Ummusalama Ɗanmusa, 'yar yayana, a asibiti a Gadarif, nan ƙasar Sudan, bayan kwana shida tana fama da zazzaɓi. Shekarunta talatin da takwas. Ni na yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, ni kuma na sa ta a kabari. Na gaji da binne waɗanda ya kamata su binne ni.

Ummusalama, kin dawo mana garinmu Hawata ne a ƙarshen 2023, lokacin da yaƙi ya kore ku daga Madani. Kowa ya gudo da katifa da tukunya, ke kika gudo da 'ya'ya biyu da buhun irin dawa. Shekara goma kina aikin binciken iri. Kika ce wannan yana nuna cikin kwana tamanin, daidai da daminar yanzu da ba ta da alƙawari. Na ce ki ba ni.

"Sabur, yi haƙuri, Baffa," kika ce. "In kai kaɗai ka shuka, taka ce za ta fara nuna. Tsuntsayen zarzur na ƙasar nan kaf a gonarka za su yi walima."

Na ce yaushe aka haife ki da za ki koya mini noma? Da ma halinki yana gundurata. Ba a kawo miki shawara ba ki tsuguna kin zana ta a ƙasa ba: ga ruwa, ga tsuntsu, ga tarakta, ga masu girbi, kowanne da layi zuwa ɗan'uwansa. Sai kuma tambayarki da ba ta ƙarewa: "To, sannan sai me?" Har na sa miki suna Malama Sannan-sai-me.

Daminar bara na shuka ni kaɗai. Dawar ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Cikin kwana huɗu tsuntsaye suka share gonar fadan goma, kusan eka goma, suka bar mini kara. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na jira gorinki, bai zo ba. Kika tsaya cikin gonar kina juya zangarniya ba ƙwaya a hannunki, kika ce kuskurenki ne, kin ba mutum ɗaya abin da sai gari ya ɗauka tare. Kunyar wannan magana ba ta sake ni ba har yau.

Duk ranin bana kika yi shi kina bin gidaje. Manoma ashirin da bakwai, kusan kowanne da taurin kai irin nawa. Kin sha jabana, gahawar da cikinki ba ya so, kin sha baƙar magana. Kika tsara yadda taraktar Elfadil, ita kaɗai da muke da ita, za ta zaga kowa cikin mako guda. Kika roƙo wa iyalan da suka gudo daga Khartum gefen gonaki, su ma su shuka, su taya korar tsuntsu. Aka yi fatiha a kan za a fara Asabar, sha tara ga wata, bayan iri ya isa hannun kowa. In dawa ta nuna lokaci ɗaya, tsuntsu ya rarrabu, kowa ya yi asarar kaɗan. In an shuka a warwatse, zai bi mu gona-gona ya cinye.

Washegarin jana'izarki aka yi ruwa mai yawa. Jiya a wurin zaman makoki, Babiker maƙwabcin gonata ya matso kusa da ni.

"Kalas, shi ke nan, ya Hajj, mai maganar ta tafi. Ƙasa ta jiƙu. Kowa ya yi ta kansa mana."

Yau da safe Elfadil ya tsayar da tarakta a ƙofar gidana, wai don tausayi zai fara da gonata. Wallahi raina ya so. Na ce ya koma. Na ɗauki sandata na tafi gidan Babiker, na tsuguna da waɗannan gwiwoyin, na zana masa zanenki a ƙasa. Layukan sun karkace, na manta inda masu girbi suke shiga. Bai yi mini alƙawari ba, amma ya ce in dawo gobe. Saura gida ashirin da biyar, saura kwana takwas, ni kuma ba ni da haƙurinki.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki Hajiya Batoul, da mijinki Kassim, da 'ya'yanki Razan da Hadeel. Allah Ya ba su haƙurin da mu ba za mu iya ba su ba. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa duk bakin da zai ci wannan dawa ya zama sadaka mai gudana a gare ki. Amin.

Sauran irin yana ɗaki, 'yata, bakin buhun a ɗaure yadda kika ɗaure shi. Wannan karon na ji.