Na Ci Amanar Ɗalibina Don In Gama Littafi

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyukanmu, ni malamin Hausa ne a wata sakandare kusa da Kura, kuma littattafaina biyu sun karɓu a kasuwar Kano. Gaskiya kaina ya kumbura. Ran Asabar nakan tara manya bakwai ko takwas ina koya musu yadda ake gina labari. A cikinsu akwai wani dattijo manomin tumatir daga wajen Bunkure, wanda ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Daga gona yake zuwa, amma kullum yana riga kowa.

Wata rana na ce kowa ya rubuto abin da ya fi ci masa rai. Ya kawo mini shafi shida a kan yadda ya datse wa ƙanensa ruwan kanal ɗin ban ruwa a ɓoye a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, har albasar ƙanen ta ƙone, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya roƙe ni in gyara masa, kada wani ya gani. A lokacin littafina na uku ya cije, wata da watanni na kasa ƙara ko layi. Sai na ɗauki labarinsa, na sauya sunaye kawai, na cike littafin da shi, na kai maɗaba'a. Na yaudari kaina cewa manoma ba sa karanta littafi, na manta matansu suna karantawa. Matar ƙanen ce ta karɓo shi a shagon hayar littattafai, ta karanta wa mijinta. Kafin mako ya zagayo 'yan'uwan nan sun daina gaisawa.

Dattijon bai zage ni ba. Ya same ni a ƙofar aji ya ce, "Malam, amana na ba ka, ba labari ba." Bai sake zuwa ba, sauran ma suka watse.

Na ɗaura aniyar ba zan sake buga komai ba sai na gyara ɓarnata. Na bi shaguna na kwashe abin da ya rage na littafin. Sau huɗu ina zuwa gonarsa yana juya mini baya, ban fasa ba. A na biyar ya ce in fara da shawo kan ƙanensa. Na nemi limamin garinsu ya yi mini jagora, muka yi ta sintiri tsakanin 'yan'uwan biyu. Sai da aka yi noman rani biyu kafin su zauna a tabarma ɗaya. Dattijon ya yafe mini, amma bai sake riƙe alƙalami ba, kuma wannan ne ke cina har yau.

Na sake buɗe ajin, yanzu da labarin nan nake fara koyar da kowane sabon ɗalibi, shi ma sai da na nemi izinin dattijon. 'Yan'uwana marubuta, in rubutu ya cije muku ku yi haƙuri, zai saki. Sirrin mutum kuwa in kun buga shi, ko kun kwashe littafin daga kasuwa, ba ku iya kwashe shi daga kunnen jama'a.