Injin da muka ciro daga gindin gulbi

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, ni da abokina mai tuƙa mu, bayan motar cike da kaya: tukunyar iska, madubin ido, takalman iyo, ɗamarar dalma da rigar iska. Sana'ata gyaran injin ban ruwa ce, amma na taɓa yin 'yan watanni a Legas ina koyon nutso. Shi ya sa da kwale-kwale ya kife da injin wasu manoman shinkafa ta wajen Gulma, ni aka kira. Mutum tara ne suka haɗa hannu suka saye shi, kuma kwana huɗu ke nan gonarsu ba ta sha ruwa ba.

Rigar iskar sabuwa ce a wurina. Ita ake hura wa iska daga tukunya idan mutum yana son ya taso, a sace ta idan yana son ya nutse. Wani ɗan kasuwa mutumin kudu, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu, shi ya sa aka kawo min guda biyu na hannu. Raina ya kwanta da babbar mai aljifai da yawa, amma ya sa na saka ta na ɗaga hannuwa, sai ga kafaɗunta sun hau kunnuwana. Ya ce in na shiga ruwa da ita, ita za ta taso ta bar ni a ƙasa. Na ɗauki ƙaramar, mai kama jiki, duk da launinta ya koɗe.

Hanya lafiya lau. Ta wajen Zauro fadama shar take har iya ganinka, ko'ina injuna na ta ƙara. A Argungu muka tsaya muka karya da ƙosai da kunu. Mai ƙosan ta leƙa motar, ta ga tukunya, ta tambaya ko gas muke sayarwa, wai nata ya ƙare. Kifi kuwa ya yi tsada, har abokina ya ce gara ya ci da ido.

Da hantsi muka isa bakin gulbi. Manoman na zaune jugum, tare da wani dattijon masunci da ya san wurin da injin ya faɗa. Ya riga ya gwada nutso sau biyu, ya taɓa injin, amma numfashi bai ishe shi ɗaura igiya ba. Ya juya rigata, ya matsa ta, ya ce ai wannan gora ne irin wanda masunta ke iyo da shi, sai dai an ɗinka masa hannu.

Na shirya da ƙarfin gwiwata. Na ɗaura dalma daidai yadda na saba a Legas, abokina ya riƙe igiyar da ke ƙuguna daga cikin kwale-kwalen da ya kai mu wurin. Ina sace iskar rigar sai na tafi ƙasa kamar dutse. Kunnuwana suka ɗauki zafi, ƙafafuna suka lume cikin laka har gwiwa, ruwan ya dagule ban ko ganin tafin hannuna. Na tsaya cik, na ja numfashi a hankali har uku, na ɗan hura rigar, na ja igiya. Haka na taso da laka har ƙirji.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi min ciwo. Dattijon ne ya ce, "Ɗana, ruwan da kak koya ciki na gishiri na, shina ɗaukar mutum. Wanga namu bai ɗaukar kowa. Rage nauyi."

Gaskiyarsa ce, kuma an koya mana haka, zumuɗi ne ya mantar da ni. Na koma inda ruwa ya ɗan fi tsayina, na dinga cire dalma ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa, har sai da na ga in riga ba iska ruwa na tsaya min daidai ido, in na fitar da numfashi kuma in nutse sannu sannu. Na ƙara tsuke maɗaurin ciki. Wannan ya ci kusan awa ɗaya, manoma na kallon rana suna kallona.

Shiga ta biyu daban ce. Na sauka a hankali ina bin igiya, na tsaya a saman lakar ban taɓa ta ba, numfashina kaɗai ke ɗaga ni yana sauke ni. Da lalube na sami ƙarfen injin, na zagaya shi da igiya, na ƙulla sau biyu. Na taso ina sace iska kaɗan kaɗan don kada rigar ta ɗago ni da sauri. Mutum shida suka ja, injin ya fito yana tsiyayar laka. Babban cikinsu ya dafa shi da hannu biyu.

A nan bakin ruwa na kwance shi, na wanke, na canza mai. Bayan la'asar ya tashi. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, abokina ya samu abin da ya hana kansa da safe.

Mun shigo Birnin Kebbi ana kiran magariba, jikina duk ciwo. Abin da na dawo da shi shi ne, kayan nutso ba a zaɓarsu don kyau, kuma ba a yarda da su sai an gwada su a ruwan da za a shiga. Ni na je da takardar shaidar koyon nutso daga Legas. Wanda ya gyara min kuskurena bai taɓa saka rigar iska ba, amma shekara hamsin yana shiga gulbin nan yana fitowa.